Windows 10 ta ƙare: shin mai tsohuwar laftof ya koma Linux?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, shekara goma da 'yan watanni bayan ya fito da ita a Yulin 2015. Washegari kowa ya kunna kwamfutarsa ta tashi lafiya lau, Word ya buɗe, hotuna da waƙoƙi suna nan inda aka bar su, don haka mutane da yawa suka ɗauki zancen a matsayin barazanar 'yan kasuwa. Abin da ya tsaya ba ya ganuwa da ido. Duk ranar Talata ta biyu a kowane wata Microsoft kan aiko da facin tsaro, wato gyaran ɓarakar da aka gano a jikin manhajar kafin masu kutse su bi ta wurin. Wannan facin ne aka daina aiko wa gama-garin masu Windows 10. Ɓaraka kuwa ba ta daina bayyana don an daina toshe ta, kuma da yake Windows 10 da Windows 11 tushensu ɗaya, sau da yawa gyaran da aka fitar wa sabuwar shi ke nuna wa ɓarayi inda za su taɓa tsohuwar.

An ga irin ɓarnar da hakan ke jawowa a watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin dubban marasa lafiya. Gyaran wannan ɓaraka ya fito tun watan Maris, abin ya ci waɗanda ba su saka shi ba.

Shawarar Microsoft ita ce kowa ya haura zuwa Windows 11, kuma kyauta ne ga mai Windows 10 ta halal. Matsalar tana ga sharuɗɗan. Ban da RAM (inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi) na gigabait 4 da ma'adana mai gigabait 64, sai kwamfuta tana da wani ƙaramin guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ta kasance cikin jerin da kamfanin ya amince da shi. A wajen furosesar kamfanin Intel jerin ya fara ne daga zubi na takwas, wanda ya fito a 2017, ban da 'yan tsiraru na zubi na bakwai. A wajen AMD kuma daga Ryzen 2000 zuwa sama. To, duk wanda ya taɓa zagaya shagunan kwamfuta a titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya san irin hajar da ta cika kantoci shekara da shekaru: laftof na hannu da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460. Dukkansu zubi na shida ne. Injina ne masu ƙwari, suna iya ƙara shekaru suna aiki ba tare da gajiyawa ba, amma a idon Windows 11 sun tsufa. Kamfanin bincike na Canalys ya yi hasashe a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya za su iya zama bola saboda wannan sharaɗi. Ba sai an gaya mana inda kaso mai tsoka na irin wannan kaya yake ƙarewa ba: jirgin ruwa ke sauke mana shi, da sabon fenti da farashi mai jan hankali.

Wanda ke riƙe da irin wannan laftof yana da 'yan hanyoyi. A 2025 Microsoft ya buɗe ƙarin wa'adi na shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026, a kan dala 30, ko kyauta idan mutum ya ɗaura kwamfutarsa da asusun Microsoft ya yarda a riƙa ajiye saitunansa a can. Wannan jinkiri ne kawai, kuma sai mai Windows ta halal. Akwai masu cusa Windows 11 da ƙarfi ta hanyar tsallake binciken TPM da furosesa da manhaja irin su Rufus. Tana tashi, tana aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma sigar 24H2 ta riga ta nuna alama: tsofaffin furosesa irin su Core 2 Duo ko dabara aka yi musu ba ta tashi a kansu. Sauran hanyar ita ce a sauke Windows ɗin gaba ɗaya a ɗora wata babbar manhaja. A aikace wannan na nufin Linux, domin macOS ta kwamfutocin Apple ce kaɗai, ChromeOS Flex ta Google kuma rabin amfaninta sai da intanet mai ɗorewa, abin da gidaje da yawa ba su da shi.

Babbar manhaja ita ce ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da ƙananan manhajojin da muke taɓawa. Ita ke raba RAM, ita ke magana da firinta da allon rubutu, ita ke tsara yadda fayil zai zauna a ma'adana. Kowace ƙaramar manhaja an rubuta ta ne da harshen wata babbar manhaja, shi ya sa fayil mai .exe a ƙarshen sunansa ba ya tashi kai tsaye a Linux. Linux kanta ta samo asali ne a 1991, lokacin da wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin ya sake ta kyauta, aka haɗa ta da kayan aikin GNU, wato tarin manhajojin kyauta da Richard Stallman ya fara tarawa tun 1983. Lasisinta ya ba kowa damar ya kwafa, ya gyara, ya raba. Saboda haka babu Linux guda ɗaya, akwai ɗaruruwan iri. Debian ta fito a 1993, Ubuntu a 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, Linux Mint kuma a 2006, an gina ta a kan Ubuntu. Wayar Android da ke aljihunka ma zuciyar Linux ce a cikinta, kuma tun Nuwamban 2017 manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukkansu Linux suke hawa.

Masoya Linux suna son kawo waɗannan hujjoji biyu na ƙarshe, amma ba su amsa tambayar magidanci ko ɗalibi ba. Cewa babbar kwamfutar hasashen yanayi tana hawa Linux bai ce komai ba game da ko firintar gidanka za ta buga takardar jarrabawar yara. A ganina kuskuren da aka fi tafkawa a wannan muhawara shi ne farawa da tambayar wacce ta fi wacce. Mutum ba ya zama gaban kwamfuta don ya kalli babbar manhaja. Yana zama ne don ya yi rubutu, ya zana katin biki, ya shiga shafin makaranta, ya kalli wani abu. Abin da ke yanke hukunci shi ne manhajojin da yake cin abinci da su, da irin fayilolin da yake musaya da mutane, da wanda zai kira idan abu ya kwaɓe.

Labarin hukumomi biyu a Turai ya nuna wannan fiye da duk wata gardama. Majalisar birnin Munich a Jamus ta yanke shawarar barin Windows a 2003, har shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka takanas ya je wurin magajin garin, Christian Ude, don ya shawo kansa, bai yi nasara ba. Zuwa ƙarshen 2013 an mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan wata Linux da suka sa wa suna LiMux. Amma a Nuwamban 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan dalili, har wasu suka alaƙanta abin da yadda Microsoft ya dawo da hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin a 2016. Koke-koken da aka fi ji dai ba a kan kwamfuta ta ƙi tashi ba ne, a kan musayar takardu da sauran ofisoshi ne, da ɗimbin manhajoji na musamman da ba su da sigar Linux. Jandarmomin Faransa kuwa ta wata ƙofa suka shiga. A 2005 sun sauya Microsoft Office da OpenOffice alhali suna kan Windows, daga baya suka kawo Firefox ta shiga intanet da Thunderbird ta imel, sai a 2008 suka fara ɗora Ubuntu. Ranar da babbar manhajar ta sauya, jami'i ya tarar da duk abin da ya saba dannawa yana nan. Har yau dubun-dubatar kwamfutocinsu a kanta suke.

Mai kwamfuta ɗaya a gida zai iya bin sawun jandarmomin ba tare da kashe ko sisi ba. Kafin ya taɓa komai, ya ɗora LibreOffice (madadin Microsoft Office na kyauta) da Firefox ko Chrome da VLC ta kallon bidiyo a kan Windows ɗinsa, ya yi 'yan makonni yana aikinsa da su kaɗai. Dukkansu suna da sigar Linux iri ɗaya sak. In ya ga bai nemi Word ba, to rabin ƙaurar ya wuce. In kuwa kullum sai ya saci jiki ya koma, ya sami amsarsa tun bai goge komai ba.

Maganar takardu tana buƙatar a tsaya a kanta, domin nan ne mutane suka fi cin karo. LibreOffice na buɗe fayil ɗin Word da Excel da PowerPoint, tana kuma iya ajiyewa da irin tsarinsu. Wasiƙa, takardar neman aiki, lissafin shago, duk ba matsala. Inda ake samun tangarɗa shi ne doguwar takarda mai tebura da lambobin shafi iri biyu da jerin abin da ke ciki, irin kundin kammala digiri. Ɗalibi zai shirya komai tsaf, ya kai wa mai buga takardu a bakin makaranta, a buɗe a Word, sai ga kan babi ya zame ƙasan shafi, tebur ya rabe biyu. Sau da yawa laifin na salon haruffa ne. Times New Roman da Calibri mallakin kamfanoni ne, ba sa zuwa da Linux, sai a maye gurbinsu da wasu, kuma in faɗin haruffan ya bambanta ko da kaɗan ne, layuka sun gusa. Akwai salon da aka ƙera da awo ɗaya da su, Liberation Serif a madadin Times New Roman, Carlito a madadin Calibri, kuma ana iya sauko da Times New Roman ɗin kansa daga rumbun manhajoji. Mafi sauƙi dai shi ne duk abin da za a buga a fitar da shi a PDF, wanda ba ya motsi ko ina aka kai shi. Amma idan malami ne zai yi gyara a cikin fayil ɗin ya dawo da shi, a sake mayar masa, PDF ba ta wadatar ba, kuma gara ɗalibin ya san haka tun kafin zangon ƙarshe. Haka ma mai Excel da aka cusa wa ƙananan umarni masu sarrafa kansu, irin wanda wasu ofisoshi ke rabawa a cike: wani lokaci su yi aiki, wani lokaci su yi shiru.

Akwai kuma waɗanda zancen ya ƙare tun kafin a fara. Mai zanen katin aure da kalanda da allon talla wanda hannunsa ya faɗa a CorelDRAW, mai Photoshop, ɗalibin zanen gine-gine mai AutoCAD, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da sigar Linux. Za a ce masa ai akwai Inkscape, akwai GIMP, akwai FreeCAD, kuma gaskiya ne manhajoji ne masu kyau. Sai dai mai injin buga allo fayil ɗin Corel yake karɓa, abokan sana'a shi suke turowa, kuma abokin ciniki ba zai jira a koyi sabon abu ba alhali ɗaurin aure ranar Asabar ne. Akwai wata manhaja mai suna Wine da ke fassara wa Linux harshen Windows, wadda kamfanin Valve ya gina Proton a kanta a 2018 har dubban wasannin kwamfuta suka koma tashi a Linux. Ga wasa abin ya yi nisa sosai. Ga manhajar sana'a kuwa sa'a ce, tsohuwar siga ta tashi, sabuwa ta ƙi. Ban ga hikimar mutum ya ɗora abincin iyalinsa a kan sa'a ba. Haka nan masu gyaran waya da masu na'urar ɗaukar hoton yatsa, yawancin manhajojin da ke zuwa da kayan aikinsu don Windows aka yi su.

Sauran jama'a fa? In aka duba da kyau, aikin gidaje da yawa ya koma cikin burauza. Shafin makaranta, biyan kuɗi ta Remita, imel, YouTube, Facebook, WhatsApp na kwamfuta, har Word da Excel ɗin ma suna da sigar intanet. Burauza kuwa ba ruwanta da wace babbar manhaja ce a ƙarƙashinta. Zoom da Telegram da Chrome duk suna da sigar Linux. Mai rubutun Hausa ma ba a bar shi a baya ba: cikin jerin allunan rubutu akwai na Hausa a ƙarƙashin Najeriya, akwai wani a ƙarƙashin Ghana, masu ba da ɓ da ɗ da ƙ ba tare da kwafe-kwafe ba, kuma rubutun Larabci daga dama zuwa hagu yana tafiya daidai.

Ga irin wannan gida Linux Mint ce zan nuna. Fuskarta ta yi kama da Windows 7, maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama, folda kamar yadda aka saba. Tana tashi da RAM na gigabait 2, ko da yake masu ita sun ce 4 ne ke ba da sakewa, kuma akwai sigar Xfce mai sauƙin nauyi ga injin da ya manyanta. Sharaɗinta furosesa mai bit 64, wanda kusan duk laftof ɗin da aka ƙera cikin shekara goma sha biyar da suka wuce ya cika. Amma kada a yaudari kowa: Linux ba ta mayar da tsohon inji sabo. Shafukan intanet na yanzu suna cin RAM iri ɗaya ko a ina aka buɗe su. Laftof mai tsohuwar ma'adana mai faifai mai juyawa, abin da zai fi ba ta sauri shi ne a saka mata SSD, wato ma'adanar zamani marar faifai, ko wace manhaja ke kanta.

Wata dama da Linux ke bayarwa, wadda mutane da yawa ba su sani ba, ita ce gwaji kafin ɗorawa. Ana sauko da fayil ɗinta, kusan gigabait 3, a rubuta shi a kan filash da Rufus ko balenaEtcher, a kunna kwamfuta ana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Sai ta tashi daga filash ɗin, cikakkiya, ba tare da ta taɓa Windows ko fayil ɗaya ba. A nan ake gane ko wayafai yana kamawa, ko sauti na fita, ko kyamara da Bluetooth suna aiki, ko firinta ta amsa. Tsofaffin laftof na ofis da muka ambata galibi komai nasu na tashi nan take, domin kayan Intel ne a ciki kuma direbobinsu, wato ƙananan manhajojin da ke tuƙa kowace na'ura, suna cikin zuciyar Linux tun tuni. Abin dariya, tsufan da ya sa Windows 11 ta ƙi su shi ya sa suka fi dacewa a nan. Masu ba da wahala su ne wasu katunan wayafai na Broadcom da katunan hoto na Nvidia, waɗanda sai an sauko da direbansu daban. In wayafai ya ƙi, a jona waya da igiyar USB a ba kwamfutar intanet ta nan, a sauko da shi. Firintocin HP yawanci ba sa gardama, wasu ƙananan Canon kuwa sai an sha fama. A kuma lura da batir, don a wasu laftof caji bai kai yadda yake daɗewa a Windows ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama.

Ranar ɗorawa ita ce ranar haɗari, kuma haɗarin ba na manhaja ba ne. A cikin matakan akwai zaɓin da ke cewa a goge ma'adana gaba ɗaya, kuma abin da ya faɗa shi yake aikatawa: hotunan suna, takardun fili da aka ɗauka a hoto, karatun da aka tara, duk sun tafi. Ajiye su a ɓangaren D ba tsira ba ne, domin C da D ɗin sau da yawa faifai ɗaya ne aka raba. Sai an kwafe su a wata ma'adana ta waje, an buɗe an tabbatar suna nan, an cire ta an ajiye gefe. A haɗa da kalmomin sirri da burauza ta haddace wa mutum har ya manta su. In ma'adanar a kulle take da BitLocker, makullin fayiloli na Windows, a nemo mabuɗinta mai lamba 48 a rubuta a takarda kafin a taɓa saitin tashin kwamfutar. Sannan kada a fara da mataccen batir ana dogaro da NEPA. Ɗauke wuta a daidai lokacin da ake sake yanka ma'adana na iya barin mutum ba tsohuwa ba sabuwa.

Mutane da yawa sukan zaɓi su ajiye duka biyun, kowace da ɓangarenta, in an kunna kwamfuta a zaɓi wadda za a shiga. Zama ne irin na kishiyoyi a gida ɗaya: kowa da ɗakinta, amma tsakar gida ɗaya ce, kuma a nan ake samun saɓani. Windows na da wata ɗabi'a ta rashin mutuwa gaba ɗaya idan an kashe ta, don ta yi saurin tashi, sai ta bar ɓangarenta a riƙe, Linux ta kasa rubutu a ciki har sai an kashe saitin Fast Startup. Wani lokaci sabuntawar Windows kan ture menun zaɓen, kuma a Agustan 2024 wani facin tsaro na Microsoft ya hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu irin wannan zama. Har agogo ma ana rigima a kansa. Linux na saita agogon cikin inji a kan lokacin duniya na Greenwich, Windows kuma na ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gari. Don haka mutumin Kano ko Maraɗi in ya fito daga Linux ya shiga Windows sai ya ga agogo ya koma baya da awa ɗaya, alhali ɗan'uwansa na zangon Kumasi ba zai taɓa lura ba, tunda lokacin Ghana shi ne na Greenwich ɗin. Umarni ɗaya ke gyara wannan, amma wanda bai san dalili ba zai yi zaton batirin agogo ne ya mutu. Duk da haka, ga mai manhaja ɗaya tak da ta ɗaure shi da Windows, wannan zaman ya fi: ya yi zanensa a Windows ba tare da jona ta da intanet ba, ya yi harkar banki da imel a Linux.

Abu biyu ne masu rubutu daga Turai ba sa sakawa a lissafi, kuma a wurinmu su ne manya. Na farko data. Mun saba da al'adar filash: mai gyara na da ma'adana cike da manhajoji, ya kwafa maka, ka kwafa wa abokinka. A Linux manhaja daga rumbun intanet ake sauko da ita, kuma kowace na jawo wasu ƙananan da take dogaro da su. Wasu nau'in, musamman na Flatpak, ƙaramar manhaja kan jawo ɗaruruwan megabait a karon farko. Sabuntawar farko bayan ɗorawa ma tana da nauyi. Daɗinta dai ba ta yi maka kutse, sai lokacin da ka ce, don haka ana iya bari sai an sami datar dare ko wayafai na makaranta. Na biyu mai gyara. Kusan duk yaron shago ya iya ɗora Windows ido rufe, amma kai masa Linux mai matsala, amsar da aka fi samu ita ce, «Alhaji, a yi mata fomat kawai a mayar da Windows.» Ba mugunta ba ce, abin da ya sani ke nan. Taimakon Linux yana intanet, mafi yawansa da Turanci, kuma sau da yawa za a ce ka kwafi wani umarni ka liƙa a baƙin allon rubuta umarni. Wanda ba ya jin tsoron karatu da bincike zai warware yawancin matsalolinsa da kansa. Amma ɗora wa mahaifinka Linux ka koma Abuja, ka bar shi ba mai duba masa, wannan ba taimako ba ne.

Ta fuskar tsaro ribar a fili take. Bairos ɗin nan da ke mayar da fayilolin filash gajerun hanyoyi, wanda ya addabi shagunan buga takardu da ɗakunan kwanan ɗalibai, don Windows aka rubuta shi, ba ya tashi a Linux, har ma a nan ake ganin fayilolin da ya ɓoye a kwashe su. Kuma mu faɗi gaskiya, Windows da Office da ke kan kwamfutoci da yawa a kasuwanninmu ba na halal ba ne, an buɗe su ne da wasu manhajojin fasa lasisi waɗanda ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, kuma sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar kafin su yi aiki. Mai Linux ya huta da wannan, galibin manhajojinsa daga rumbu sananne suke zuwa, kuma ba ya bin kowa bashin lasisi. Sai dai babu babbar manhajar da ke hana mutum rubuta lambar katinsa a shafin bogi na tallafin gwamnati, ko karanta wa ɗan damfara lambar da banki ya turo masa.

Wanda zai sayi laftof na hannu yanzu, ya duba lambar furosesa kafin ya duba fenti. A Core i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato na shida. Core i5-8250U na takwas ne, ya tsallake sharaɗin. In na shida ne ko na bakwai, ya kamata farashin ya nuna haka, kuma mai saye ya san da me zai hau ta. Wanda kuma tuni yake da ita a gida, kuma aikinsa bai wuce burauza da rubutu da kallo ba, Linux Mint 22 da ta fito a Yulin 2024 tana da alƙawarin facin tsaro har zuwa 2029, shekara uku bayan ƙarin wa'adin Windows 10 ya cika.